Yatsa Biyun da Aka Rage wa Ginshiƙin Kusurwa

Tambaya ɗaya kafin gaisuwa. A cikinku, ku da kuka cika wannan farfajiya tun hantsi, wa ya taɓa durƙusawa ya dubi ƙafar ginshiƙi? Ba rufi nake nufi ba. Rufi kowa ya duba, har an yi masa hoto. Ƙafa nake nufi, can ƙasa, inda katako ya haɗu da dutse. Wa? Ban ga hannu ba. To, babu laifi. Ni ma sai bana na koya.

Yanzu bari in yi gaisuwa, kada a ce uwata ba ta koya mini ba.

Mai girma shugaban wannan taro, mai garinmu, Baba Om. Yallaɓai mataimakin shugaban gunduma, wanda ya bar ayyuka masu yawa ya taso takanas, har ya riga ya sa farar safar hannu ta yanke ƙyallen buɗewa. Manyan ma'aikatan ofishin kula da kayan tarihi. Injiniya Pyo, mai duba wannan aiki, wanda sa hannunsa yake ƙasan kowane shafi na rahoton aikin. Wakilan kamfanin da ya yi kwangila. Dattawa jikokin waɗanda suka gina wannan zauren karatu. Iyayenmu mata da suke bayan rumfa tun safe suna dafa taliyar da wasu za su ci su tafi ba tare da sun tambayi wa ya dafa ba. 'Yan jarida guda biyu. Jama'ar Solgol, maza da mata, na zaune da na tsaye: ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manyansa.

Sunana Gil Sangho. Ni ne shugaban ƙungiyar matasan ƙauyen nan. Mu huɗu ne a ƙungiyar. Mataimakina shekararsa sittin da uku, ga shi can yana gyara na'urar kunnensa. Ba zaɓe na ci ba. Ni kaɗai ne a garin nan nake ɗaga buhun shinkafa ba tare da an kira motar asibiti ba.

An ba ni minti uku, an kuma ba ni takardar da zan karanta. Takardar tana aljihuna, lafiyarta lau. Abin da ke cikinta godiya ce, kuma zan yi godiyar, don godiya ta cancanta.

Muna godiya ga gunduma da ta tuna da zauren da ya yi shekara ɗari da casa'in a tsaye yana jiran a tuna da shi. Muna godiya da rufin, don ya daina yoyo. Wannan gaskiya ce, ranar da aka yi ruwa na shiga na tsaya, ban jiƙe ba. Muna godiya da bangon, da tsakuwar da aka zuba a farfajiya, da allon bayani mai harsuna uku, wanda biyu daga ciki babu mai jin su a garin nan. Muna godiya da waɗannan dogayen furanni na taya murna, guda takwas, huɗu a gefen gabas, huɗu a gefen yamma, babu ko ɗaya a tsakiya. Wanda ya jera su ya san aikinsa.

Godiya ta ƙare. Saura magana.

Ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe biyu na rana, kwamiti zai zauna a gunduma ya duba ko za a cire sunan Tak Mansik daga jerin masu sana'ar da aka yarda su taɓa tsofaffin gine-gine. In aka cire sunan, ba zai ƙara sa hannu a ƙyauren da ya girme shi ba, kuma abin da za a tuna da shi a kai ke nan. Tak Mansik ƙanen mahaifiyata ne. Na faɗa da bakina, don kada wani ya wahalar da kansa wajen raɗa wa na kusa da shi. Shekararsa saba'in da huɗu, hamsin da bakwai daga ciki yana yin ƙyamare. Ga shi can a kujerar ƙarshe yana yi mini alama da hannu in sauka. Kawu, na gani. Ba zan sauka ba.

Laifinsa yana cikin rahoton kammala aiki, shafi na ɗari da arba'in da ɗaya. Layi biyu ne. An ce ƙyamare huɗu na gefe da ya gyara a karkace suke, ba sa rufuwa, an ce ya gyara ya ƙi.

Rahoton shafi ɗari biyu da shida ne. Na karanta shi duka. Ina kyautata zaton ni da mai buga shi ne kaɗai muka yi wannan wahalar, kuma shi an biya shi.

Wani zai ce, wannan yaron wane ne da zai karanta rahoton injiniyoyi? Tambaya ce mai kyau. Ni ba kafinta ba ne. Na zauna a shagon Kawu kwana arba'in ina ɗan shekara goma sha bakwai, bayan na bar makaranta. Rana ta arba'in ya karɓe gizagon daga hannuna ya ce, "Sangho, je ka nemi aikin da ake yi da baki. Katakon nan bai yi maka komai ba." Sai na zama direban motar kabeji. Wanda ya taɓa kai kabeji babbar kasuwa ya san layi: awa uku, awa huɗu, kana zaune a bayan sitiyari. Wasu su yi barci, wasu su yi karta, ni in yi karatu. Ba wanda ya ba ni takardar shaida a kan haka. Amma abin da aka rubuta, in dai an rubuta shi, ina iya bin sa daga farkon layi zuwa ƙarshensa, in kuma tuna shafin.

To, ga abin da na gani. Zan jera shi ɗaya bayan ɗaya, don masu rubutu su samu sauƙi.

Na farko, maganar dutse.

Magabatanmu ba sa sassaƙe dutsen da za su ɗora ginshiƙi. Yadda suka ɗauko shi daga rafi, yadda ruwa ya bar shi, da tudunsa da kwarinsa, haka suke ajiye shi. Katako ake sa wa ya bi dutse. A tsayar da ginshiƙi a kai, a ɗauko tsagin gora mai baki biyu kamar hantsaki, baki ɗaya ya bi saman dutse, ɗayan da tawada ya bi jikin katako, a zagaya. A kwantar da ginshiƙi, a sassaƙe ƙafarsa har bakin layin tawada. A tayar. Bai zauna ba, a kwantar. A tayar, a kwantar, a tayar, mutum shida suna nishi, har sai katako da dutse sun kama juna kamar haƙoran sama da na ƙasa. Shi ne gurengi, kowane tsoho a nan ya san sunan. Ba ƙusa, ba siminti. Ginshiƙin da aka yi wa haka dutse ɗaya ya sani a duniya, kuma fuska ɗaya yake zama a kansa.

Rahoto, shafi na hamsin da takwas, ya ce an samu ƙasan ginshiƙai goma sha biyu duka ba a yanke su daidai ba, an kuma samu saman duwatsun da tudu da kwari. Sai ya ce, "An daidaita."

An daidaita. Kalma biyu. Aikin da mutum shida suka yi ta nishi a kansa, aikin da ya ga girgizar ƙasa, ya ga yaƙi, ya ga ambaliyar da ta tafi da gadarmu, bai gusa ko da faɗin farce ba, an same shi da laifi, an daidaita. An sa injin an goge duwatsun sun yi sumul kamar teburin ofis. An sa zarto an yanke ƙafafun sun yi sumul su ma. Sumul a kan sumul. Iyayenmu mata sun san abin da ke faruwa in aka ɗora faranti a kan jiƙaƙƙen faranti.

Ranar da ake goge duwatsun, Kawu ya ji ƙarar tun daga shagonsa. Ya taho bakin shingen da aka kewaye wurin da shi.

Ya ce wa mai gadi, "Ɗan samari, ƙarar me nake ji?"

Mai gadi ya ce, "Baba, ina hularka ta kwano?"

Ya ce, "Hular kwano? Da rarrafe na fara shiga zauren nan, tun ba a yi tunanin haihuwar ubanka ba."

Ya ce, "Baba, ko da rarrafe ne, sai da hula."

Kawu ya koma gida, ya ɗauko hular babur ɗina, ya sa, ya dawo. Ku zana shi a zuciyarku. Aka ce ba irinta ba ce. Aka kuma duba takarda aka ce ko irinta ce, mai ƙyamare ba ya cikin masu shiga ranar Talata. Ya tsaya a bakin shinge da hular babur a kansa har ƙarar ta ƙare.

Na biyu, maganar kusurwa. A nan nake roƙon ku ba ni kunnenku duka biyu.

Idan ka yi dogon rufi a miƙe sak, ido ba zai gan shi a miƙe ba. Zai ga kafaɗunsa sun sauka, kamar na mutumin da aka kora daga aiki. Magabatanmu sun san haka. Saboda haka ginshiƙan kusurwa huɗu sukan bar su sun ɗan fi na tsakiya tsawo, kaɗan, yadda ba za ka ga tsawon ba, sai dai ka ga ginin ya tsaya da kyau, ka rasa dalili.

Injiniya ya zo da na'urar awo mai jan haske. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ina so a rubuta cewa na faɗi haka. Ta ce ginshiƙan kusurwa sun fi na tsakiya da santimita huɗu, wato yatsa biyu irin na Kawu. Abin da ba ta faɗa ba shi ne dalili. Ba a sa mata wannan maɓallin ba. Sai rahoto ya kawo nasa dalilin, a shafi na sittin da ɗaya: wai rashin ingantattun kayan awo a wancan zamani.

Jama'a, ku ji wannan. Mutanen da ba su da kayan awo sun yi kuskure a gabas ta gaba, santimita huɗu. Sun yi kuskure a gabas ta baya, santimita huɗu. Sun zagaya yamma, sun yi kuskure sau biyu, santimita huɗu, santimita huɗu. Irin wannan kuskure, da ni ma na iya shi, da Kawu bai kore ni ba.

Nan ma an daidaita.

Ku juya ku dubi rufin. Ku juya, ba za a ci tararku ba. Ku da kuka yi wasa a gindinsa, ku da aka doke ku da tsumagiya a cikinsa saboda karatu, ku faɗa wa zuciyarku gaskiya: haka kafaɗunsa suke a da? Makon jiya ni da mai gari muna tsaye a can wajen rijiya, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Sangho, zauren nan kamar bai ji daɗin gyaran ba." Baba Om, ka yi haƙuri, kai ka faɗa, ni dai na ji.

Na uku, maganar ƙyamare, wadda ita ce ta kai mu Alhamis.

Tunda ginshiƙin kusurwa ya fi maƙwabcinsa tsawo, katakon da ya gitta saman ƙofa yana ɗan hawa zuwa kusurwa. Tunda yana hawa, ƙyamaren gefe ba a yi su da kai a miƙe ba, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Rahoto ya ce a karkace suke. Gaskiya ne. Shekara ɗari da casa'in suna a karkace, kuma shekara ɗari da casa'in suna rufuwa, iska ba ta shiga, ko a watan da rafi ke daskarewa.

Ƙyaure goma sha biyu aka ba Kawu. Wata biyar ya yi a kansu. Ya cire 'yan siraran sanduna ɗari uku da goma sha ɗaya da suka ruɓe a cikin saƙar sandunan da ake liƙa wa takarda, ya sassaƙa wasu ya mayar, kowanne ya shiga cikin ɗan'uwansa ba ƙusa. Ya liƙa sabuwar takarda, ya fesa mata ruwa da bakinsa, ta bushe ta ɗame har in ka ƙwanƙwasa tana amsawa. Girmansu kuwa bai rage ko kaurin gashi ba, don an gaya masa, a rubuce, cewa komai zai koma yadda yake.

Da aka rage ginshiƙi, katakon saman ƙofa ya sauko, dokin ƙofa kuwa aka mayar da shi a miƙe inda yake. Aka zo rataya ƙyamare. Takwas na tsakiya suka shiga. Huɗu na gefe suka ƙi. Suna nan bayan furannin nan, an jingine su a buɗe, an ɗaure da waya. Wanda yake shakka ya matsar da fure ɗaya ya gwada rufewa. Ina ba da shawarar ya cire farar safa tukuna.

Injiniya Pyo ya zo shagon Kawu da kwalin lemo. Ina wurin, na kawo kabeji.

Ya ce, "Baba Tak, abin ai ba wuya. Yatsa biyu za ka rage a saman kowanne, shi ke nan, a rufe magana."

Kawu ya ce, "Ka zo da zarto?"

Ya ce, "A'a, Baba, ai kai ne mai zarto."

Kawu ya ce, "Nawa ba ya cin wannan katakon. In na rage yatsa biyu, na shiga inda kawunan sandunan suke. Bana za su riƙe, baɗi za su riƙe, shekara ta biyar su zube a cinyar mai buɗewa. A lokacin kai an yi maka ƙarin girma, ni kuma ana cewa aikin Tak ne."

Injiniya ya ce, "Baba, ranar buɗewa ta matso. Manya za su zo. Ba za ka taimake ni ba?"

Ya ce, "Zan taimake ka mana, ɗana. Mayar wa ginshiƙi abin da ka cire masa, ni kuma in rataya maka ƙyamare kafin taliyarka ta huce."

Injiniya ya miƙe ya ce, "Ni ban cire komai ba sai kuskure."

Kawu ya ce, "To tafi da lemonka, kada shi ma ya zama kuskure."

Kwana tara bayan haka wasiƙar kwamitin ta iso. Kawu ya karanta sau ɗaya. Ya share shago, ya shafa wa kayan aikinsa mai, ya naɗe su a tsumma, ya ɗaure. Tun ranar yana zaune gaban talabijin yana kallon wasan kwaikwayo ba sauti. Na ce masa mu je mu yi bayani. Ya ce, "Su suna da tambari, ni ina da gizago. Wa kake gani za a saurara? Ka kama bakinka, Sangho, sau ɗaya a rayuwarka." Na yi ƙoƙari. Na kai kwana huɗu.

Na huɗu, kuma shi ne abin da ya sa na zo da wannan jakar.

Kowa ya san Iya Ok, ga ta can a bakin tukunya da ludayi. Shekararta tamanin da takwas, kuma ba a taɓa zubar da abu a garin nan ta wuce shi ba. Na kai mata kabeji, ta ce in shigo in sha ruwa. Sai na tarar tana yanka albasa a kan wannan.

Ku dube shi. Ku na baya, ku miƙe in kuna so. Faifan katako ne, fuska ɗaya sumul.

Na ce, "Iya, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Ina ruwanka? Sata ka zo tuhumata, ɗan banza? A jujin bayan zaure na tsinta, sun zubar. Huɗu na ɗauko, masu kaurin. Siraran na bar wa matar Om ta hura wuta."

Na ce, "Iya, ba ni aro."

Ta ce, "Yi aure tukuna in ba matarka."

Na ce, "Iya, maganar Kawu ce."

Ta share albasar da wuƙa, ta miƙo mini. Ta ce, "Ka dawo mini da shi. Tun da nake ban taɓa samun katakon yanka mai daɗi irin wannan ba. Wanda ya yanka shi ya iya yanka."

Injiniya, ranka ya daɗe, ka rubuta wannan. A iya sanina shi ne yabo ɗaya tilo da wancan yankan ya samu, kuma daga zuciya ya fito.

Yanzu bari in juya shi. Ga ɗaya fuskar, ga tudu, ga kwari, ga sawun dutsen da ya zauna a kai shekara ɗari da casa'in. Kuma ga nan, a tsakiya, inda aka ɗan rarake, inda ba a yi tsammanin ido zai ƙara gani ba, ga tawada. Rubutun kafintan da ya tayar da ginshiƙin ne, da tsohon rubutu, irin wanda ba a koya mini ba kafin in bar makaranta. Kwana goma sha ɗaya na yi da ƙamus a layin kasuwa, kabeji yana yaushi a bayana. Da na gama na kai wa tsohon malamin makarantar gari ya duba. Ya gyara mini harafi ɗaya, ya ce sauran daidai ne, ya kuma ce rubutuna kamar sawun kaza. Abin da kafintan ya rubuta shi ne: "Kusurwar gabas ta gaba. An ƙara." Sai ya sa awon, a lissafinsu na da. In ka mayar da shi namu, santimita huɗu ne.

An ƙara. Shi ma kalma biyu. Sauran ukun suna cikin jakar nan, kowanne da sunan kusurwarsa, kowanne an ƙara. Mutumin ya san abin da yake yi, ya kuma rubuta ya ajiye, ko da wata rana wani zai zo da tambaya. Wanda ya zo bai tambaya ba. Yana da na'ura.

Kada a ce ban bi hanya ba. Na bi. Na kai waɗannan katakai ofishin kula da kayan tarihi. Mai karɓar baƙi ta ce, "Wace takardar shaida gare ka?" Na ce lasin tuƙi. Ta ce katako ba ya cikin abubuwan da ake karɓa, sai dai a yi masa hoto, a buga, a kawo kwafi uku. Na yi hoto, na buga, na kawo kwafi uku. Wani mutum mai kirki ya duba, ya ce lokacin karɓar ƙorafi ya rufe jiya. Na ce to yaushe zan iya magana? Ya ce in ana taron jama'a kowa yana da baki. Na gode masa. Ga taron jama'a.

Ya ku iyayena, ya ku manyan baƙi, ban zo in ce Injiniya Pyo mugu ne ba. Na gan shi yana zuwa aiki kafin kowa. Na gan shi yana sunkuya wa tsofaffi. Na ga ranar da ya sauko daga mota ya tura wa Iya Ok amalanke har ƙofar gida. Mutum yakan ga abu bai gane ba, ya ɗauka ɓata ce, ya gyara. Wannan yana faruwa, kuma ba shi ya tayar da ni tsaye ba. Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne, da gyaran ya ƙi zama, sai aka duba cikin duk waɗanda suka taɓa zauren nan, aka nemo wanda ya fi kowa tsufa, wanda ya fi kowa shiru, wanda shi kaɗai ne bai rage komai ba, aka rubuta sunansa a layi biyu. Wanda ya yanke yana kan kujerar gaba da fure a ƙirji. Wanda ya ƙi yankewa yana jiran Alhamis.

Duwatsun dai sun tafi. Babu mai mayar musu da tudunsu, sai dai jikokinmu su karanta a littafi cewa an taɓa yi. Amma tsawon ginshiƙi ana iya mayarwa. A ɗaga kusurwa, a dasa wa ƙafa sabon katako, a sauke. Kafintocinmu sun saba yi wa ruɓaɓɓen ginshiƙi haka, ba sabon abu ba ne. Kawu ya ce in aka yi, ƙyamarensa za su shiga a yini ɗaya. Suna kuwa, in aka cire shi ranar Alhamis, ban san kafintan da ke dasa shi ba.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai, tunda ga shi da kansa, ya karɓi waɗannan katakai huɗu da hannunsa, ya kai wa kwamiti, ya kuma sa a ba Iya Ok takardar karɓa, don za ta bi sawu. Ina roƙon 'yan jarida su ɗauki hoton ƙasa yau, ba sama ba. Ina roƙon dattawan garin nan, waɗanda babu gidan ɗayansu da ba ƙyauren Tak Mansik a ciki, su daina kallon takalmansu.

Na ga ana nuna mini agogo. Na sani, minti ukun sun daɗe da rasuwa. Bari in yi addu'a.

Allah ya ja zamanin wannan zaure, ya tsare shi daga gobara, da gara, da masu gyara ba tambaya. Allah ya jiƙan kafintan da ya yi rubutu a inda ba a gani. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba masu dafa taliya ladan tsayuwarsu. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin abin da ba a buga musu a takarda ba. Allah ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya, ya tarar da ƙofarsa tana rufuwa.

Saura abu ɗaya, kuma ba nawa ba ne. Injiniya Pyo, ranka ya daɗe, kai ka sa hannu a shafi na sittin da ɗaya, kai ka sa hannu a shafi na ɗari da arba'in da ɗaya. Ba a ofis muke so mu ji ba, ba a wasiƙa ba, ba bayan an yi bincike ba. A nan, gaban Yallaɓai, gaban mutanen Solgol, gaban dattijon da ka rubuta sunansa. Ƙyauren Tak Mansik ne ya karkace, ko ginshiƙi ne ka sa aka yanke? Ɗaya za ka faɗa cikin biyun.

Na gode da haƙurinku. Zan bar makirfo a kunne. Taso, ranka ya daɗe.